Facin da Na Yi wa Fiffike

Tun da na dawo Guci ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a fada sai a tasa ni gaba: Injiniya, yaya Turkiyya? Injiniya, ka ƙera jirgin ko sai baɗi? Wanda bai zo jiya ba ya zo yau, a ce in koma farko. Bakina ya gaji. Ga shi nan na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ku ƙyale ni in huta. Sunan garin da na zauna da na jami'ar ba zan faɗa ba, don mutanen da zan ambata suna nan da ransu, kuma ban nemi izininsu ba.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Ma'azu. A Guci aka yanke mini cibiya, amma a Magariya na yi wayo, a hannun ƙanen mahaifiyata, Kawu Lawali mai garaji. Da safe lakol, wato makarantar boko, da yamma ƙarƙashin mota. Dokar Kawu ɗaya ce: in ka ɓata abu, ka gyara shi kafin ya gani. Ɗan koyon da ya zo yana sosa ƙeya yana cewa ya karya kaza, wannan a wajen Kawu sakarai ne, kuma sai ya sha mari. Wanda ya karya, ya ɗinke, ya ja bakinsa ya yi shiru, har motar ta je Damagaram ta dawo ba wanda ya gane, shi ne ya iya aiki. Ni kuwa na iya. Daga nan na yi karatun injiniya a Yamai, sai Allah ya kawo burs, wato tallafin karatu, ta Turkiyya: shekara ɗaya ta koyon harshensu, biyu na mastar a fannin ƙirar jiragen sama, rabi a aji, rabi a atiliye, wato ɗakin aikin hannu.

Ranar kasuwar Guci na tashi, don ranar ce ake samun mota ba dogon jira. Motar ta ɗauki buhunan wake, da awaki uku a kan rufi, da mu. Ni na ci ado da sabuwar shadda sai ka ce ango. Ba mu kai Dungas ba tiyon ruwan injin ya fashe. Direba ya fito ya tsaya yana kallon tururi yana salati. Na jira in ga ko zai yi wani abu, na ga salatin ne iyakarsa, sai na tuɓe riga na ba wata tsohuwa ta riƙe mini. Na yanko tsohuwar robar taya na naɗe tiyon, na ɗaure da waya, muka roƙi ruwa a wata rijiya muka zuba, mota ta tashi. Da fasinja suka ji abin da zan je koyo, wani dattijo ya ce to shi ke nan, ko jirgi ya fashe a sama wannan zai ɗaure shi da roba. Aka yi dariya. Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta yi mini daɗi.

A Magariya na kwana biyu. Matar Kawu ta cika mini rabin jaka da kilishi da yaji da kuka da daddawa, don ta ji labari mutanen can ba su san miya ba. Shi Kawu bai yi dogon wa'azi ba. Ya ciro kile lamba goma, wato sifanar kwance noti, daga aljihu, wadda ta fi ni daɗewa a garajin, ya danƙa mini, ya ce kada in kunyata shi.

Tikitin jirgin na Kano ne, wanda ya yi mini daidai, tun da mu Kano ta fi mana Yamai kusa. Iyaka kuwa kun san ta: igiya, rumfa, benci. Na sha wuce ta a kan babur ba wanda ya tambayi sunana, amma ranar, da yake ina neman hatimi a fasfo, sai na zama baƙo. Jami'in da ke ta ɓangaren Kano ya juya fasfon gaba da baya, ya tambayi inda za ni. Da na faɗa masa sai ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga ɗan Faransa da zai je ƙera jirgi, alhali a garinsu amalanke ce motar asibiti. Na ce masa ai shi ya sa za ni. Ya buga hatimin yana dariya, ya ce in na gama in fara sauka a gonarsa.

A filin jirgin Kano aka yi abin da ya ba ni haushi. Kilen nan, don kada ta ɓata, sai na sa ta a 'yar jakar hannu. Na'ura ta gan ta, aka ce ba a shiga jirgi da ƙarfe irin wannan, ga shi babbar jaka ta riga ta wuce. Na yi bayani, na yi magiya. Matar da ke wurin ta saurare ni har na gama, sannan ta jefa kilen cikin kwando tare da almakasan mutane. Har yau ban gaya wa Kawu ba.

Abin kunya, ni mai zuwa koyon ƙirar jirgi, ranar na fara shiga jirgi. Kujerata tana daidai fiffike, kusa da wata Hajiya 'yar Kano da za ta Alƙahira ganin likita. Da muka shiga gajimare jirgin ya fara rawa, ta leƙa ta ga bakin fiffiken yana sama yana ƙasa, ta tambaye ni ko haka aka saba. Na gyara zama na fara yi mata darasi, cewa da gangan aka yi shi ya riƙa lanƙwasa, wanda ba ya lanƙwasa shi ne mai karyewa, kamar ɗanyen reshe da busasshe. Ta dube ni ta ce, "Yaro, ja carbinka, ka bar ni da nawa." Na ciro carbina na yi ta ja har Alƙahira.

Daga can wani jirgin ya kai ni Istambul, sai kuma kar, wato babbar bas, yini guda cur, zuwa garin da jami'ar take a tsakiyar ƙasar. A kar ɗin akwai wani mai farar riga da ke bin kujeru yana raba shayi kyauta. Ya zo da kwalba ya tsiyaya mini wani ruwa mai ƙamshin lemo a tafin hannu. Na ɗauka na wanke fuska ne, na shafa har ido. Ashe turare ne mai zafi. Na daɗe ina hawaye, tsohon da ke gefena ya ɗauka kewar gida ce, ya yi ta bubbuga kafaɗata yana ba ni haƙuri da harshen da ba na ji.

Masauki gidan ɗalibai ne, mu biyu a ɗaki, ni da wani ɗan Pakistan da ya haƙura da warin daddawata, na haƙura da minsharinsa. Sanyi kuwa, duk abin da kuka ji an faɗa ku ƙara masa. Ƙanƙarar da ke zubowa gaskiya ce. Ranar farko na fita na taɓa ta, rana ta biyu na zame na faɗi a gaban jama'a, daga nan muka daina gaisawa. Burodi ne tuwonsu. Da safe a ba ka zaitun da cuku da ɗanyen tumatir, ka ci ka tashi kamar ba ka ci ba. Suna dama nono da ruwa su zuba masa gishiri, ba sukari ba gero, wata uku ina fushi da shi kafin mu shirya. Shayinsu jan ruwa ne, ba kumfa, ba na ɗaya ba na biyu ba na uku, kuma a tsaye ma sha suke yi. Kyanwa kuwa sarauniya ce a ƙasar nan. Ta hau kujerar malami ta kwanta, malamin ya jawo wata kujerar.

Akwai inda muka yi kama. Suna cire takalmi a ƙofar gida, suna girmama tsoho, baƙo ba ya fita gidansu da yunwa. Inda muka rabu shi ne gaisuwa. Ranar da na fara shiga biro, wato ofishin Farfesa, wanda zai duba aikina, na tambaye shi kwana, da gajiya, da iyali, da sanyi. Ina shirin shiga lafiyar yara sai na ga ya dubi agogo. Ya ce duk lafiya, me ya kawo ni.

Shekarar harshe ta wuce, ta farkon mastar ma ta wuce, yawancinta lissafi ne, ba abin da zai ba ku dariya a ciki. A shekarar ƙarshe na koma atiliye. Mai kula da shi wani tsoho ne da kowa ke kira Usta, wato ubangidan sana'a, ya daɗe yana gyaran jirage kafin ya dawo jami'a. Gajere ne, ba ya ɗaga murya. Na shiga ina ganin nan ne gidana, ashe ba haka ba. Akwai wani babban kaye, wato littafin rubutu, a kan tabur kusa da ƙofa, duk abin da ka taɓa sai ka rubuta a ciki: me ka yi, yaushe, da me, ka sa hannu. Ko kol za ka dama, wato danƙon da ake manne sassan jirgi da shi, sai ka auna a sikeli ka rubuta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kwandon shara. Noti lafiyayye, an ɗaura shi sau ɗaya an kwance, sai a jefar. Na riƙa tsince su ina tarawa a gwangwani. Usta ya gani, ya ce in kai su gida in ina so, amma kada ɗaya ya kwana a atiliyensa. Na ce a raina, mutanen nan ba su san wahala ba.

Aikin da aka ba mu fiffike ne na ƙaramin jirgi marar matuƙi, tsawonsa gaba guda. Mu biyu ne a kansa. Abokiyar aikina 'yar ƙasar ce, sunanta Zainab, ko da yake su ba haka suke furta shi ba. Ita ce mai lissafi: ta gina fiffiken a ordinater, wato kwamfuta, ta ce in iska ta kai gudu kaza zai lanƙwasa kaza, ya murɗa kaza. Ni da Usta muka gina na gaske da baƙin ƙyallen karbon da kol. Sai a sa shi cikin bututun iska, wani dogon ɗaki mai ƙatuwar fanka da ke hura iska kamar jirgi na tafiya, a auna a ga ko lissafinta da fiffikenmu bakinsu ya zo ɗaya. In ya zo, kowa ya rubuta memwar ɗinsa, wato littafin kammala karatu, ya kare shi gaban malamai a watan Yuni.

Yunin nan ga Zainab ba wasa ba ne. Mahaifinta tsohon direban kar ne, ita ce ta farko a gidansu da ta shiga jami'a, kuma wata jami'a a Turai ta riga ta ba ta gurbin doktora, da sharaɗin ta kawo difilom, takardar kammalawa, kafin ƙarshen Yuni. In ta wuce, gurbin ya koma ga na bayanta. Bututun iska kuwa guda ɗaya ne, ɗalibai da yawa, layi ake bi. Mu an ba mu sati biyar daga tsakiyar Afrilu. Wanda ya ɓata nasa layin sai Oktoba.

Ranar Asabar, saura kwana biyu mu fara, na ga ba kowa, na ce bari in rage mana aikin Litinin in kai fiffiken ɗakin bututu. Doka ta ce mutum biyu ke ɗaukarsa. Abin da ko rabin buhun gyaɗa bai kai ba, ni da na saba ɗaga ƙarafan mota? Na saɓa shi ni kaɗai. A bakin ƙofa gindinsa ya bugi ƙarfe. Ƙarar ba ta da yawa. Na juya shi na duba, ga tsaga ta ƙasa, kusa da inda yake haɗuwa da jikin jirgi, tsawon ɗan yatsa.

Ga gaskiyar da ba na so amma dole in faɗa. Da na buɗe kayen nan na rubuta layi ɗaya na kira Usta, da cikin kwana goma an yi sabo, don mazubin da muka ƙera shi a ciki yana nan, da sati uku sun rage mana na awo, kuma sati uku sun isa. Na san haka a lokacin. Amma ko kusa da kayen ban je ba. Abin da ya zo mini shi ne abin da ya saba zuwa tun ina yaro: kafin Litinin ba wanda zai gani. Na kankare wurin, na yanka ƙyallen karbon, na dama kol da ido kamar mai dama kunu, na shimfiɗa ƙyalle bisa ƙyalle har na ji a hannuna ya isa. Lahadi da hantsi na dawo na goge na fesa fenti. Wallahi aikin ya yi kyau. Na shafa da tafin hannu, ni kaina sai da na nemi wurin. Na fita ina jin daɗin kaina.

Litinin aka kunna fanka. Fiffiken ya ƙi murɗawa yadda lissafi ya ce. Ba da yawa ba, amma in iska ta ƙaru bambancin ya ƙaru. Satin farko, Allah shi ne shaida, ban kawo facina a rai ba. A garaji wurin da aka yi wa faci mai kyau ya fi na asali ƙarfi, ƙarfi kuwa ban taɓa jin an kira shi aibu ba. A sati na biyu na zauna da takarda na yi 'yar ƙididdiga ni kaɗai, na ga abin da ya kamata in gani tun farko. Garin gyaran gira na tsone ido: daidai wurin da murɗawar ke farawa na sa facin, na ƙara masa tauri. Daga ranar na san komai, kuma na yi shiru.

Tsoro ne, ba wani abu ba. Wanda ya ɓoye ɓarna a atiliye ana iya korarsa, wanda aka kora ba shi da memwar, burs ta ƙare, ya koma gida hannu rabbana. Na yi ta ganin kaina ina sauka a tashar Magariya, Kawu yana tambayata. Da safe in ce yau zan faɗa, da yamma in ce gobe.

Ita kuwa Zainab kanta ta tuhuma. Ta warware lissafinta tun daga tushe, ta sake ɗaurawa, ta sake warwarewa. Ta daina zuwa cin abincin rana. Ta je ta gaya wa Farfesa cewa akwai kuskure a aikinta, ta kasa gano shi. Tabur ɗina yana manne da nata, ina jin duk tsakin da take yi. Sau ɗaya na gwada irin ta gida, in kewaya da magana ko wani ya ɗauka. Na ce anya ba za a sake duba fiffiken kansa ba? Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kai da Usta kuka yi shi," in ji ta. "Na fi yarda da hannunku a kan kaina."

Na ce to. Abin da na ce ke nan.

Ƙarshen sati na uku Usta ya shigo ɗakin bututu da kofin shayinsa. Ba aikinsa ba ne, ya ga yarinyar tana ramewa ne. Ya sa aka kashe fanka, ya ciro ɗan cokalin shayin, ya fara ƙwanƙwasa fiffiken da shi a hankali, daga baki zuwa gindi, kunnensa a kusa, kamar mai zaɓen tukunya a kasuwa. Ko'ina ƙarar iri ɗaya, sai da ya iso ƙasa wajen gindi ta sauya. Ya ɗauko 'yar wuƙa ya kankare fentin, facina ya fito baƙi ƙirin. Ya daɗe yana kallonsa. Bai tambayi wanda ya yi ba, hannu nawa ne suka taɓa fiffiken? Ya juyo ya ce, "Ɗana, wa ya koya maka?"

Na ce kawuna, mai garaji ne. Ya gyaɗa kai, ya ce kawun nan ya iya koyarwa. Sannan ya tambaye ni ƙyalle nawa na shimfiɗa, na ce huɗu ko biyar. Ta wace fuska zaren kowanne ya kwanta? Ban lura ba. Kol nawa na auna? Na ce da ido na dama. Zainab tana tsaye tana ji. Da na san waɗannan, da ta sa facin cikin lissafinta an ceci awon sati uku. Tun da ban sani ba, awon bai da sauran amfani a wajenta.

Usta ya je ya ɗauko kayen da kansa, ya buɗe shafin Asabar ɗin, inda ba komai, ya miƙo mini bik ɗin rubutu. A tsaye na rubuta, gaban kowa. Ina rubutu yana magana, ba da faɗa ba. Ya ce shi ma ya fasa abubuwa da yawa, kuma faci irin wannan kullum ana yi wa manyan jirage, ba abin kunya ba ne. Amma ana rubutawa, don mai lissafi ba ya ganin ƙarƙashin fenti, abin da aka gaya masa da shi yake aiki. Zainab ta juya mana baya. Ta kashe ordinater ɗinta, ta ɗauki jaka ta fita.

Saura sati biyu a layinmu. Sabon fiffike kwana goma, awo sati uku, kowa ya iya wannan lissafin. Farfesa ya nemi wasu su yi musayar layi da mu, su ma Yuni suke jira, ba wanda ya yarda, ban kuma ga laifinsu ba. Zainab ta rubuta wa jami'ar Turai ta roƙi a ɗaga mata zuwa ƙarshen shekara. Suka amsa da ladabi cewa ba za su iya ba.

Ni na haɗa kayana ina jiran kora. Ba a kore ni ba. Farfesa ya hana ni shiga atiliye wata guda, ya rubuta aka ƙara mini wata shida a burs. Sannan ya ce gano abin da ke cikin facin sai an yanka shi an gwada gutsattsarinsa ɗaya bayan ɗaya, aikin watanni ne, to shi ne zai zama memwar ɗina: yadda faci ke sauya murɗawar fiffike. Wato abin da ya rushe nata aikin shi ya zama jarin nawa. A ranar na ji da korata aka yi da ya fi mini sauƙin ɗauka. Amma ban ce a'a ba, na karɓa.

A gida in ka yi wa mutum babban laifi ba ka tunkararsa da kanka, dattijo kake nema ya shige maka gaba. Na je na roƙi Usta ya ba Zainab haƙuri a madadina. Ya ce a nan ba a aike a irin wannan, wanda ya ɗauki fiffike shi kaɗai ya ɗauki wannan ma shi kaɗai. Na je sau biyu, sau biyun tana cewa ba yanzu ba. Muka ci gaba da zama tabur da tabur, magana sai ta aiki.

A Oktoba aka sa sabon fiffike a bututu, aka kunna fanka. Layin awo ya hau kan layin lissafinta ya kwanta, tun daga iska mai sauƙi har mai ƙarfi, ba ka iya bambance su. Lissafin da ta fara yi ne tun Afrilu, kafin ta warware shi. Babu kuskure a cikinsa ko ɗaya. Ta tsaya tana kallon allon, ni ina kallon ƙasa.

Rana ɗaya muka kare memwar, ita da safe, ni da rana. Malamai sun yaba nawa ƙwarai, ɗaya har ya ce aiki ne mai amfani ga masu gyaran jirage, ya tambayi yadda tunanin ya zo mini. Farfesa ya yi gyaran murya ya ce a wuce tambaya ta gaba. Da aka fito na same ta a baranda tana sa rigar sanyi. Wannan karon ta tsaya. Na faɗi abin da na daɗe ina shiryawa, da ya fito bai fi jimla uku ba.

Ta ce, "Fasawar na yafe tun ranar, Ma'azu. Kowa yana fasa abu. Facin ma na yafe, haka aka koya maka. Sati ukun nan ne na rasa inda zan ajiye su. Kana zaune a gefena kana kallona ina neman kuskuren da ban yi ba."

Na so in ce biyu ne, na farkon ban sani ba, sai na ji ƙanƙantar maganar tun kafin ta fito. Na ce tsoro ne. Ta ce ta sani. Ta yi mini fatan sauka lafiya, ta bi matakala ta tafi.

Dawowar ba ta da labari, hanyar da ta kai ni ita ta maido ni. Zainab yanzu tana aiki a wani kamfanin firji, tana lissafin girgizar injinsu. Usta ne ya gaya mini, don nakan kira shi ranar Juma'a mu gaisa. Ya ce ta sake neman gurbin doktora bana, kuma amsa ta fito tun watan jiya. Na riƙe waya ina jira ya ƙarasa. Na gane ba ta samu ba da na ji ya kauce, ya tambaye ni ko an fara ruwa a wajenmu.